Agwaginmu suna mutuwa tun da aka fara dakan dutsen zinare a gida, akwai haɗari ga yara?

Tambaya: Salam likita. A ƙauyenmu tun da samari suka fara kawo dutsen zinare gida ana dakawa ana niƙawa, agwagi suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu awaki ma sai ka ga suna layi kamar ba sa gani. Dattawa sun ce annobar kaji ce ta kowace shekara. Ni dai hankalina bai kwanta ba don ina da yara ƙanana. Shin ciwon dabba yana da alaƙa da lafiyar mutum, ko tsoro ne kawai nake ji?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana yaran. Gaskiya ba tsoron banza kake ji ba, kuma tun kafin in shiga bayani mai tsawo bari in faɗa maka abu ɗaya da ba ya jiran gobe: dakan nan da niƙan nan su bar cikin gida yau ɗin nan, kada a jira sakamakon wani gwaji. In daga baya aka gano ba shi ne matsalar ba to ba a yi asarar komai ba, in kuwa shi ne to kowace rana da aka ƙara yaran suna ƙara haɗiyar guba ne.

Maganar dattawa tana da tushe, ba zan ce sun yi ƙarya ba. Akwai annobar kaji da mu likitocin dabbobi muke kira Niyukasil, takan zo galibi da hunturu ta share kajin gari, kowa ya santa. Amma ita wannan cutar kaji take kashewa, agwagwa ba kasafai take nuna ko alama ba, sau da yawa kaji za su ƙare tas agwagi suna yawonsu a bakin kududdufi. Kuma ba ta sa akuya makanta ko layi. To ka ga idan agwagi ne a gaba wajen mutuwa, ga awaki sun bi sahu, ga kuma sabon abu da ya shigo gari a daidai lokacin, dole mutum ya ajiye zancen annobar shekara-shekara ya duba abin da dabbobin nan duka suke tarayya a kai, wato ƙasar da suke kiwo a kai da ruwan da suke sha. Su ne kuma dai ƙasar da yaronka ke rarrafe a kai da ruwan da ake dama masa kunu.

Abin da ka bayyana kusan shi ne ya faru a Zamfara a 2010. Farashin zinare ya tashi a duniya, tun 2009 ya zarce dala 1,000 kowace oza, mutanen ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da noma bai ishe su ba suka koma haƙa gadan-gadan. Dutsen da suke samu a wasu ramukan yana ɗauke da dalma mai yawan gaske haɗe da zinaren, kuma ido ba ya bambancewa. Ana kawo shi gida, mata suna fasa shi da guduma a tsakar gida suna dakawa a turmi, ana kai shi injin niƙa irin wanda ake niƙa dawa da masara, ana shanya shi a inda ake shanya hatsi. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a garuruwan, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, agwagwa ce fa. Sai a watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na Gari Na Kowa, MSF, da suke yawon sa ido kan sanƙarau suka tarar yara suna ta mutuwa, amai da ciwon ciki da jijjiga, ana ba su maganin zazzabin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu komai. Da aka gwada jini sai ga gubar dalma.

Da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka zo a watan Mayu suka bi gida gida a ƙauyukan Dareta da Yargalma, abin da suka samu ya wuce misali. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda suka rage aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar da ke jininsu ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita, wato ma'aunin da ake auna dalma a jini da shi, ko ta wuce, kuma 45 ɗin nan shi ne matakin da ake fara ba yaro maganin fitar da guba, alhali ko 5 aka gani hukumar lafiya ta duniya cewa take a tashi a nemo inda gubar ke fitowa. Ƙasar wasu wuraren ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na dalma, ma'ana kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce zalla, alhali a wancan lokacin 400 cikin miliyan Amurka ta ɗauka a matsayin iyakar wurin wasan yara. A jimlace yara fiye da 400 aka rasa a Zamfara, dubbai kuma suka rayu da gubar a jiki. Sai da bincike ya yi nisa sannan mutanen gari suka riƙa cewa ai dama agwaginmu sun riga sun ƙare tun watannin baya.

Me ya sa agwagwa ce take fara faɗuwa? Saboda yadda take cin abinci. Ita bakinta kullum yana cikin taɓo da laka tana tace abin da za ta ci, kuma kududdufin da take wanka a ciki sau da yawa nan ake wanke garin dutsen don a tsamo zinare, duk dalmar tana kwanciya a ƙasan ruwan. Sannan tsuntsu yana haɗiyar tsakuwa da gangan don ta taya ƙundunsa niƙa abinci, to ƙundun nan da ruwan tsami na cikinta su ne suke niƙe ɓarɓashin dalmar su narkar da shi ya shiga jini kai tsaye. Ga jikinta ƙarami, ɗan kaɗan ya ishe ta. Za ka ga ta rame, fukafukai sun saki, ba ta iya tafiya sosai, kashinta kore-kore. Ba wai tana ɗauke da cutar da za ta shafa wa yaro ba ne, dalma ba a ɗaukarta daga wani kamar mura, abin da ya kashe ta ne yake nan a wurin yana jiran na gaba.

Na gaban kuwa yaro ne, ba babba ba, kuma wannan shi yake ruɗar mutane, don mai haƙan da ke wuni cikin ƙurar yana nan garau sai ya ce maka in guba ce ai da ni zan fara mutuwa. Ba haka abin yake ba. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku a ƙasa yake wuni, hannunsa daga ƙasa sai baki, wani ma cin ƙasar yake yi da gangan. Cikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Idan kuma yaron yana da ƙarancin jini ko ba ya samun isasshen abinci abin ya fi muni, saboda jiki yana ruɗewa ya ɗauki dalma a madadin sinadarin ƙarfe da na ƙashi da yake nema, cikin da ba komai a ciki ya fi saurin tsotsewa. Ƙwaƙwalwarsa kuma lokacin take ginuwa. Idan gubar ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, sai jijjiga da suma, wasu su rasu, wasu su tashi da makanta ko shanyewar jiki. Abin da ya fi damuna ni a raina shi ne waɗanda ba su nuna komai ba, yaro yana wasa lafiya lau amma gubar tana rage masa kaifin fahimta a hankali, sai ya shiga makarantar allo ko ta boko a ce ba ya ganewa a yi ta dukansa, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Shi ma babban ba tsira ya yi ba, hawan jini da ciwon ƙoda da matsalar haihuwa suna jiransa. Mace kuma dalma tana taruwa a ƙashinta shekara da shekaru, idan ta samu ciki sai ta fito ta bi jini ta shiga jikin ɗan tayi, tana jawo ɓari da haihuwar bakwaini.

Awakin da ka ce suna layi sun dace da wannan hoton. Dalma a jikin akuya ko tunkiya ko saniya ƙwaƙwalwa take taɓawa, za ka ga dabba ta makance tana karo da bango, tana cizon haƙora, tana dalalar da yawu, tana zagaye wuri ɗaya ko ta kafa kai a jikin bango ta tsaya. To a nan ne al'adarmu take jefa mu cikin matsala, da an ga dabba za ta mutu sai a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, a raba naman ko a kai wa mahauci a farashi mai sauƙi. Na san asara ce mai zafi ga talaka, akuya ɗaya ita ce bankin wata matar. Amma yanka yana halatta nama ne, ba ya cire guba, haka wuta ma ba ta cire ta. Dalma ta fi taruwa a hanta da ƙoda da ƙashi, wato daidai kayan cikin da muke so da ƙashin da ake yin romo da shi, kuma tana fita a nonon dabba da ƙwan kaji da na agwagi. Duk dabbar da ta nuna alamun nan kada a ci, kada a sha nononta, kada a sayar wa wani gari.

Kuma kada ka ce ai mu gidanmu ba a daka dutse. A Zamfara an gano yawancin dalmar da ke cikin abinci ba daga gona ta fito ba, bayan girbi ne hatsin yake kwasarta, wajen sussuka da shanya a ƙasa da daka da niƙa. Injin da ya niƙa dutse da safe ya niƙa gero da yamma ya raba gubar ga duk unguwa. Iska tana kai ƙurar cikin randa da rijiyar da ba murfi. Mai haƙa yana dawowa da ita a riga da takalmi da gashin kai, ya ɗauki ɗansa ya rungume. Har tubalin da aka yi da ƙasar wurin wanki an samu dalma a ciki, an gina ɗaki da shi ana kwana. Tafasa ruwa ba ya maganinta, ƙwayoyin cuta tafasa ke kashewa, dalma ƙarfe ce, in ka tafasa ma ruwan ne ke raguwa ita tana nan. Ba ta ruɓewa kuma, in ta zauna a ƙasar tsakar gida tana nan har jikoki sai dai in an kwashe ƙasar.

Shi ya sa maganin abin a Zamfara bai tsaya a asibiti ba. Akwai ƙwayar magani, DMSA, da take kama dalmar da ke jini ta fitar da ita ta fitsari, MSF ta ba dubban yara ita. Amma in ka ba yaro magani ka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba aikin banza ka yi, kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Don haka sai da aka fara gyaran muhalli, kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith tare da ma'aikatan jiha da mutanen garuruwan suka riƙa kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, a kai ta rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An yi haka a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, su Dareta da Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna tana jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya har sai 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kururuwa a intanet da jaridu, kuma duk tsawon jiran nan yaran garin ba a iya fara musu magani yadda ya kamata ba don ba a gyara ƙasar ba. Wai bayan duk wannan sai ga shi a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, can ma shanu da awaki da kaji sun mutu.

In ka tambaye ni ina aka yi sakaci, a ganina ba wajen ƙauyawa ba ne kaɗai. Tsarin aikinmu ne a rarrabe. Likitan dabbobi yana ƙarƙashin wata ma'aikata, likitan mutane yana wata, mai kula da muhalli yana wata, ma'adinai kuma na Abuja ne. Malamin dabbobi zai ji labarin mutuwar agwagi ya rubuta a littafinsa in ma ya rubuta, malamin asibiti zai ga yara uku masu jijjiga ya ce maleriya ce ta hau kai, su biyun a kasuwa ɗaya suke cefane amma ba wanda aikinsa ya ce ya gaya wa ɗan'uwansa. Da a ce a farkon 2010 an ɗauki agwagwa ɗaya an kai hantarta ɗakin gwaji da an ga dalma watanni kafin a san halin da yara ke ciki. A ƙarshen 2019 Najeriya ta ƙaddamar da tsarin haɗa lafiyar mutum da dabba da muhalli wuri guda, ma'aikatun lafiya da gona da muhalli suka sa hannu, abu ne mai kyau a takarda, amma a ƙauye har yanzu wanda ke haɗa labaran nan biyu shi ne mutum irinka da ya lura ya yi tambaya.

Duk da haka sai gwaji ne yake tabbatarwa, don akwai wasu abubuwan da ke kashe agwagi. Murar tsuntsaye tana kashe su, ta fara bayyana a nahiyar Afirka ne a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, kuma tana kama mutum, a Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ruwan kududdufi da mushe ya ruɓe a ciki ma yana kashe su, haka maganin ƙwari na gona. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini baƙi yana fita ta hanci da dubura kuma ba ya daskarewa, wannan a yi zargin antaraks, wata muguwar cutar dabbobi mai kama mutum, wadda aka samu a Suleja a Yulin 2023, irin wannan ko feɗe ta ba a yi. Saboda haka ko wanne ne a ciki hukuncin gawar ɗaya ne, kada yara su taɓa, kada a jefa a kududdufi ko a bar wa karnuka, a sa leda a hannu a ɗauka a binne da zurfi nesa da rijiya. Ka bar guda ɗaya sabuwar mutuwa ka nuna wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma shi ya san yadda zai ɗauki samfur ya tura, akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Vom da asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato.

A ɓangaren mutane kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan ɓarkewar cututtuka, ka same shi ta hannun mai kula da asibitin garinku, kuma ka faɗa masa abubuwan uku a tare, ana niƙa dutsen zinare a gari, dabbobi suna mutuwa, ga yara ƙanana. Kada ka raba su, haɗuwarsu ce take sa a ɗauki maganar da nauyi. Ka nemi a gwada jinin yaran musamman don dalma, gwajin maleriya da na taifot ba sa nuna ta. Duk yaron da ya fara amai ba dalili, ko kasala da yawan barci, ko ya daina tafiya bayan ya iya, ko jijjiga, a tafi asibiti nan take a gaya wa likita zancen dutsen tun kafin ya tambaya.

Game da samarin, ni ba na cikin masu cewa a hana haƙa kawai a huta. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, amma mai yunwa ba ya jin doka, kuma in aka tsananta sai ya ɓoye aikin a cikin ɗaki inda mata da yara suke, nan ne ma ya fi haɗari. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ka samu mai gari da liman da shugaban masu haƙan cikin ladabi, ba da sigar ƙara ba, ka ba su labarin Dareta da Bagega, a ware fili can bayan gari inda iska ba ta kaɗowa cikin gari, ba kusa da rijiya ko mashayar dabbobi ba, duk fasawa da niƙa da wanki a yi su can. A riƙa jiƙa dutsen kafin a niƙa don ƙura ta ragu. Injin dutse daban na hatsi daban, turmin da ya taɓa dakan dutse ya gama aikin abinci har abada. Mai aiki ya yi wanka ya canza kaya a can kafin ya shigo gida, yara da masu ciki kada su je wurin ko da tallan abinci ne. Zaibar da suke kama zinaren da ita su ƙona ma wata gubar ce daban, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ba a ƙona ta a ɗaki ko a murhun girki.

A cikin gida kafin taimako ya zo, a daina sharar tsakar gida a bushe, a yayyafa ruwa tukuna, a shimfiɗa wa masu rarrafe tabarma mai tsabta, a wanke musu hannu da sabulu kafin cin komai, a rufe randa da abinci, hatsi a shanya shi a kan leda ko buhu ba a ƙasa ba. A ba su abin da ya samu na wake da zogale da gyaɗa da kifi da nonon da ya fito daga wajen da abin bai shafa ba, kada su wuni da yunwa. Tunda ana maganar dalma, ka duba ko akwai tsohon batirin mota ko na sola da aka fasa aka yar a gida, shanu suna son lasarsa yara kuma suna wasa da shi, sannan a dakatar da sa wa jarirai kwalli na kasuwa, don da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. Ita kuma ƙasar inda aka riga aka yi dakan, kada ku kwashe ta da kanku ku watsa a bola ko gona ko ku yi tubali da ita, ku rufe wurin ku hana yara da dabbobi zuwa har masu na'urar auna ƙasa su zo su nuna iya inda za a kankare da inda za a binne.